Luguden ƙwaƙwalwa: shin kiɗan cikin kai ne ke haɗa mana abin da muke gani?

Ka je kasuwar dabbobi ka tsaya inda aka ɗaure jar akuya, irin tamu ta Maradi, kusa da farin rago. Akuya ta ja hagu, rago ya ja dama, igiyoyinsu sun harɗe, ƙura ta tashi. Duk da wannan hargitsi, ba za ka koma gida ka ce ka ga jan rago da farar akuya ba. Ja yana manne da akuya, fari yana manne da rago, kowa da tafiyarsa. Abin ya zo mana da sauƙi har ba ma ganin akwai abin tambaya a ciki, alhali masu binciken ƙwaƙwalwa sun fi shekara 40 suna kai ruwa rana a kansa.

Abin da ya ta da tambayar shi ne, ido ba ya tura hoto ɗungurungum zuwa cikin kai yadda kake tura hoto a WhatsApp. Haske yana sauka kan wani tantani a bayan ƙwayar ido, inda ƙwayoyin karɓar haske sama da miliyan 100 suke shimfiɗe. Daga nan a matse saƙon ya bi ta zarurruka kimanin miliyan 1 na jijiyar gani, ya yada zango a tsakiyar ƙwaƙwalwa, sannan ya isa ɓawonta na can baya, wajen ƙeya. Wato dai da ƙeya mutum yake gani. A 1959 David Hubel da Torsten Wiesel suka soka siririyar waya a wannan wuri cikin ƙwaƙwalwar kyanwa, suka tarar kowace ƙwayar jijiya tana da ɗan gurbin da take gadi a fagen gani, kuma ba ta tashi sai ta ga layi mai wata karkata ta musamman: wannan sai a tsaye, waccan sai a kwance, wata sai a jirkice. Aikin ya ba su kyautar Nobel a 1981. Waɗanda suka biyo bayansu suka gano wasu sassa sun fi kula da launi, wasu motsi, wasu siffa. A 1991 Felleman da Van Essen sun lissafa sassa 32 masu aikin gani a ƙwaƙwalwar biri. To, in ja yana can, motsi zuwa hagu yana wani wuri, ƙaho da gemu suna wani wurin daban, wa ke ɗaure su ya ce duk na akuya ne?

Kada a ɗauka surutun ƴan falsafa ne. A 1982 Anne Treisman ta nuna cewa in aka haska wa mutum haruffa masu launi daban-daban na ƙiftawar ido, hankalinsa kuma an ja shi wani wuri, yakan rantse ya ga jan harafi wanda a zahiri kore ne, jan kuwa na maƙwabcinsa ne. Ashe ɗaurin aiki ne da ake yi, kuma yana iya kwancewa.

Amsar da ta fi jan hankali ta fito daga wani Bajamushe, Christoph von der Malsburg, a 1981. Ya ce a daina neman wani ɗaki a cikin kai inda ake tara rahoto, a duba lokaci. Ƙwayoyin jijiya da ke kallon abu ɗaya su riƙa bugawa tare, wato su saki ɗan saƙonsu na wuta a lokaci guda, masu kallon wani abin su buga a wani lokaci daban. Bugun tare shi ne zanen fuskar da ke nuna ƴan gida ɗaya ne.

Ni ban kama bakin zaren wannan magana ba sai wata safiya a gida, ina kallon gwaggona da ƴaƴanta biyu suna luguden gero. Taɓarya uku, turmi ɗaya, ba wadda ta taɓa ƴar'uwarta. Can sai ƙaramar ta cilla tata sama, ta tafa, ta cafe, ba ta ɓata layi ba. Na ce, "Gwaggo, wa ke yi muku ƙidaya?" Ta dube ni kamar na tambayi abin da ɗan goye ya sani. "Ɗan nan, ai lugude da kunne akan yi shi. Ka tsaya kallon taɓarya, ka fasa wa wani baki." Babu mai ba da umarni. Kowace tana jin bugun sauran, tana ɗan jinkirtawa ko ta ɗan hanzarta. Kusan duk lissafin da ke tafe a kan wannan turmi yake zaune.

Cewa ƙwaƙwalwa tana da kiɗa tsohon labari ne. Hans Berger, wani likita a garin Jena na Jamus, ya fara auna ƴar wutar da ke fita daga kan mutum a 1924, ya wallafa abin da ya gani a 1929. In mutum ya rufe ido yana hutawa, allurar na'urar tana zana igiya mai hawa da sauka kimanin sau 10 a sakan ɗaya. Yana buɗe ido sai ta dushe. Ita ake kira alfa. Ƴan'uwansa masana ba su gaskata shi ba sai da Edgar Adrian ya maimaita gwajin a Ingila a 1934. Aka kuma bai wa sauran kaɗe-kaɗen sunaye da haruffan Girkanci: beta daga sau 13 zuwa 30 a sakan, gamma daga 30 zuwa wajen 80. Gamma ɗin nan ita ce aka ɗora wa nauyin haɗa sassan gani, abin da kan ba ni dariya, don mu nan in mun ce a gama gero da dawa, a haɗa su muke nufi. Dacewa ce kawai, Girkawa ba su shawarce mu ba.

Ina kwamfuta ta shigo? Samfurin lissafi ba wani siddabaru ba ne. Ka rubuta ƙa'idoji ƴan kaɗan na yadda ƙwaya ke amsa wa ƙwaya, ka ba na'ura ta bi su sau dubbai, ka duba ko abin da ya fito ya yi kama da wanda aka auna a jikin dabba. Hodgkin da Huxley sun yi haka a 1952 da zaren jijiya guda ɗaya na wata dabbar teku, da injin lissafi na murɗawa da hannu. A 1972 Hugh Wilson da Jack Cowan a Jami'ar Shikago suka ce bin ƙwaya ɗaya-ɗaya ba zai kai mu ba, mu ɗauke su rukuni biyu. Akwai masu zuga, waɗanda in sun buga sai su tunzura na kusa da su. Su ne kusan kashi 80 cikin 100 na ƙwayoyin ɓawon ƙwaƙwalwa. Ragowar kashi 20 masu kwaɓa ne, aikinsu su ce a yi shiru.

Duk wanda ya taɓa riƙe aji ya san abin da zai biyo baya. Mushe, wato malamin ajin, ya fita. Surutu ya fara daga benci ɗaya, ya kama na kusa, ya cika ɗaki. Hayaniyar da kanta ce ke ta da shugaban aji ya doki tebur. A yi tsit. Tsoron dukan ya ɗan jima ya gushe, surutu ya sake tsirowa. Ba wanda ke riƙe da agogo, amma hayaniya tana hawa tana sauka a kan ƙa'ida, kuma abin da ke yanke tsawon kowane zagaye shi ne yawan lokacin da kwaɓar take ci kafin ta saki. A ƙwaƙwalwa, kwaɓar wani sinadari ne mai suna GABA, wanda tasirinsa kan dushe cikin milisakan kamar 10. Milisakan kuwa kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. Ka ƙara lokacin da masu zuga ke ɗauka su farfaɗo, sai zagaye ɗaya ya kama milisakan 25 ko kusa da haka, wato sau 40 a sakan. Ga gamma ta fito daga ƙa'idoji biyu kacal.

An gwada wannan hasashe, bai ba da kunya ba. A 1995 Whittington, Traub da Jefferys sun yi aiki da yankakken sashe na ƙwaƙwalwar ɓera, suka ga in an zuba maganin da ke tsawaita kwaɓa, kiɗan yana rage sauri, daidai da abin da lissafi ya faɗa. A 2009 Jessica Cardin da abokan aikinta suka sa wa masu kwaɓa a ƙwaƙwalwar ɓera wani furotin mai jin haske, suka riƙa haska su sau 40 a sakan, gamma ta tashi. Da suka haska masu zuga maimakonsu, kaɗe-kaɗe masu nawa ne kawai suka ƙaru. Saboda haka a kan tambayar daga ina kiɗan ke fitowa, samfurori sun ci jarrabawa, ni ba ni da ja a nan.

Saura tambayar yadda rukuni biyu masu kiɗa daban suke daidaita bugu. Wannan lissafi ya girmi binciken ƙwaƙwalwa nesa ba kusa ba. A 1665 Christiaan Huygens na ƙasar Holan yana kwance ba lafiya, ya lura agogo biyu masu lilo da ya rataya a katako ɗaya suna kaɗawa daidai, ɗaya na zuwa ɗaya na dawowa. In ya ɓata musu tsari, cikin rabin awa sun koma. Ƴar girgizar da ke bin katakon ita ce kunnensu. Lugude ne na agogo. A 1975 Yoshiki Kuramoto na Japan ya rubuta lissafin taro mai yawa: kowane makaɗi yana da saurinsa na asali, kuma yana ɗan gyara bugunsa gwargwadon abin da yake ji daga saura. Abu biyu ke yanke hukunci, tazarar da ke tsakanin saurinsu da ƙarfin jin juna. In jin juna ya yi rauni, kowa ya kama gabansa. Yana haye wani mizani, sai ka ga rukuni ya kulle wuri ɗaya, sannan ya riƙa janyo saura. Da irin wannan lissafi injiniyoyi ke nazarin layukan wutar lantarki, irin wanda ya taso daga Katsina ya bi ta Gazawa ya iso mana: duk injinan da ke kan layi dole su juya tare, sau 50 a sakan, wanda ya kauce sai a cire shi. Wannan 50 ɗin kuma ciwon kai ce ga mai auna ƙwaƙwalwa, don a tsakiyar gamma take zaune, wayar bango ma tana iya shiga na'ura ta yi kamar tunanin mutum ce.

Sai shekarar 1989 ta zo da abin da ya yi kama da hujja. A cibiyar Max Planck ta binciken ƙwaƙwalwa a Frankfurt, Charles Gray, Wolf Singer da abokan aikinsu suka sa waya biyu a sashen gani na kyanwa, tazarar milimita 7, kowace tana sauraron ƙwayoyi masu gadin gurbi daban. Suka gilma dogon sandan haske ɗaya da ya ratsa gurbin biyu: rukunonin suka buga tare, sau 40 zuwa 60 a sakan. Suka raba sandan biyu masu tafiya gefe ɗaya: daidaiton ya ragu. Suka sa ɗaya ya yi gabas ɗaya yamma: daidaiton ya ɓace. Yawan bugun kowane rukuni bai wani canja ba, lokacinsa ne ya canja. Shekara guda kafin nan Reinhard Eckhorn a Marburg ya ga makamancin haka. Duniyar bincike ta ɗauka, har Francis Crick da Christof Koch suka ce a 1990 wataƙila wannan bugu na 40 shi ne tushen sanin da mutum ke yi cewa yana gani.

Masu kwamfuta suka duƙufa. Samfurin da ya fi burge ni shi ne na David Terman da DeLiang Wang a jihar Ohio ta Amurka, 1995, wanda suka sa wa suna LEGION. Suka mai da kowane ɗigo na hoto ɗan makaɗi. Maƙwabta masu haske iri ɗaya suna zuga juna, sannan akwai mai kwaɓa guda ɗaya na kowa da kowa, wanda da zarar wani rukuni ya buga sai ya danne saura. Ka ba shi hoto mai abubuwa uku, bayan ƴan zagaye sai ka ga ɗigon abu na farko sun tashi tare, sun kwanta, na biyu sun tashi, sannan na uku. Akuya, rago, turke, akuya, rago, turke. Luguden gwaggona ke nan a cikin na'ura. Har iyakarsa ma iri ɗaya ce: abubuwa ƴan kaɗan ne ke samun gurbi a zagaye ɗaya, yadda turmi ba ya ɗaukar taɓarya goma.

Sai dai ba a nan gizo ke saƙar ba. Samfuri ya nuna abu yana iya yiwuwa. Bai nuna haka ƙwaƙwalwa take yi ba. Wannan shi ne ramin da na ga mutane da yawa suna faɗawa, har da masu digiri. Na taɓa nuna wa ɗalibai irin wannan kwaikwayo a kwamfuta, ɗigo suna walƙiya rukuni-rukuni, aji ya yi tsit don mamaki. Sai wata yarinya daga baya ta ɗaga hannu: "Mushe, to ai kai ka ce musu su yi haka. Mi ya nuna kanmu haka yake yi?" Ban taɓa jin suka mai kaifin wannan a takardun masana ba, kodayake su ma abin da suka faɗa ke nan da dogon Turanci.

A 1999 Michael Shadlen da Anthony Movshon suka tattara ƙorafin. Wa ke karanta bugun taren? Kowace ƙwaya tana karɓar saƙo daga dubban ƴan'uwanta, don haka a kowane milisakan akwai bugu da yawa da suka dace da juna ta hanyar katari. Ta yaya za ta tantance na gaske? Kuma kafin ƙwayoyi su san da wa za su buga tare, ai sai an riga an san su ƴan abu ɗaya ne, ka ga an koma gidan jiya. Gwaje-gwaje suka biyo baya. A 2004 Pieter Roelfsema a Amsterdam ya koya wa birai bin lanƙwasasshen layi da hankali a cikin wasu layuka. Daidaiton bugu bai bambanta ƙwayoyin layi ɗaya da na layi daban ba, abin da ya bambanta su shi ne ƙaruwar yawan bugu. A 2010 Supratim Ray da John Maunsell suka nuna saurin gamma yana bin kaifin bambancin haske da duhu: inda zane ya fi fitowa rangaɗau, kiɗa ya fi sauri. Ke nan akuyar da rabinta ke rana rabinta ke inuwar rumfa za ta iya ta da kiɗa biyu masu sauri daban, amma ba mu taɓa ganin ta rabe biyu ba.

Ba a nan ya tsaya ba. Gamma mai ƙarfi ta fi son zane mai ratsi-ratsi, irin na saƙi ko na kwanon rufi, wanda shi ne masu gwaji suka saba nuna wa dabbobi. A 2015 Dora Hermes da abokanta sun auna kai tsaye a ƙwaƙwalwar mutanen da aka sa wa wayoyi don aikin farfaɗiya: ratsi ya ta da gamma sosai, amma hotuna da yawa da mutanen suka gane sarai ba su ta da ita ba. A 2008 kuma wasu masu bincike a birnin Ƙudus sun gano wani kaso mai yawa na gammar da ake aunawa daga fatar kai ba daga ƙwaƙwalwa take ba, daga naman da ke motsa ido take, don ido yana ƴan zabure-zabure ƙanana ko da mutum yana jin ya kafe shi. Ga kuma matsalar lokaci. Simon Thorpe a Tulus ta Faransa ya nuna a 1996 cewa cikin milisakan 150 ƙwaƙwalwar mutum ta riga ta bambance hoton da ke da dabba da wanda babu. Ka cire lokacin tafiyar saƙo daga ido, zagayen gamma ƙalilan ne suka rage, ba su isa a zauna ana neman daidaito ba.

A ganina, babbar da'awar, cewa bugun tare shi ne igiyar da ke ɗaure duk sassan abu ɗaya ko'ina suke a ƙwaƙwalwa, ta raunana ƙwarai. Amma wanda ya ce kiɗan amo ne kawai, kamar ƙarar injin niƙa, shi ma ya yi gaggawa. Amon taɓarya ba shi ke farfasa gero ba, gaskiya ne, amma da shi mata ke kauce wa karo.

Abin da ya tsira ya fi ƙanƙanta, ya kuma fi ƙwari. Eric Lowet, Peter De Weerd da abokansu a Maastricht sun ɗauki matsalar nan ta bambancin sauri suka mai da ita ma'auni. Lissafin makaɗa masu jin juna ya ce: in ka zana tazarar sauri a kwance, ƙarfin jin juna a tsaye, yankin da daidaito ke samuwa zai fito kamar mazurari, tsukakke a ƙasa, faffaɗa a sama. Masana lissafi suna kiransa harshen Arnold, da sunan Vladimir Arnold na Rasha. Ya kuma ce wanda ya fi sauri shi zai riƙa ɗan gabatar ɗan'uwansa a kowane zagaye. A 2017 suka auna a sashen gani na biri, suna canja kaifin zane don canja sauri, suna amfani da nisan wayoyi a matsayin ƙarfin jin juna. Mazurarin ya fito. Irin samfurin da nake girmamawa ke nan, wanda ya faɗi magana tun kafin a auna, da zai iya faɗuwa ƙasa warwas amma bai faɗi ba. Abin da ya koya mana shi ne daidaiton gamma harka ce ta unguwa, ƴan milimita, tsakanin maƙwabta masu kallon abu mai kama da juna.

Pascal Fries ya kawo wata fassarar a 2005. Ka lura da mai daka in tana son mai da tsabar da ta hau gefen turmi: tana zura hannu ne a tsakanin bugu da bugu, in ta kuskure lokaci ta sha taɓarya. Haka rukunin ƙwayoyi yake. A kowane zagaye akwai lokacin da kwaɓa ta saki, ƙofa a buɗe, da lokacin da take rufe. Saƙon da ya iso ƙofa a buɗe ya wuce, wanda ya makara ya tashi a banza. A 2012 ɗakin bincikensa ya nuna biri zane biyu; sashen gaba na gani ya daidaita kiɗansa da rukunin da ke ɗauke da zanen da birin ya mai da hankali a kai, ya ƙyale ɗayan. A 2014 da 2015 wasu ayyuka biyu a kan birai suka ƙara cewa gamma ta fi bin hanyar da ta taso daga ido ta yi sama, alfa da beta kuma sun fi bin hanyar da ta sauko daga manyan sassa. Alfa ɗin Berger ma ta dawo fage: a 2009 ƙungiyoyi biyu sun ba da rahoton cewa ganin ɗan haske mai rauni ko rashin ganinsa ya danganta da inda zagayen alfa yake lokacin da hasken ya zo. Tasirin ƙarami ne, kuma wasu da suka maimaita gwajin daga baya ba su same shi ba.

Akwai wuri ɗaya da kowa zai iya taɓa kiɗan da kansa. Ka juya fuska wajen rana da ido a rufe ruf, ka buɗe yatsu kana kaɗa su da sauri a gaban fuska. Mutane da yawa kan ga zane-zane: murabba'ai kamar na dara, saƙar zuma, da'ira cikin da'ira. Jan Purkinje ya bayyana wannan tun 1819. Wanda ya taɓa zama gefen taga a mota da la'asar, rana tana ratsowa ta jerin dogon yaro, ya san ɗanɗanonsa. Babu zane a waje, ƙwaƙwalwa ce ke ƙirƙira. A 1979 Bard Ermentrout da Cowan suka shimfiɗa lissafin masu zuga da masu kwaɓa a kan faranti kamar ɓawon ƙwaƙwalwa, suka ga in zuga ta yi yawa farantin da kansa yana rabuwa ratsi-ratsi ko ɗigo-ɗigo. Kuma saboda yadda taswirar ido take kwanciya a ƙeya, miƙaƙƙen ratsi a can yana bayyana wa mai gani kamar da'ira, ko kibiyoyi masu fita daga tsakiya, ko murɗaɗɗen zane irin na katantanwa. A 2011 Ermentrout da abokansa suka ƙara wa samfurin haske mai walƙiya, zane-zanen suka fito a irin saurin da mutane ke ganinsu.

Mai farfaɗiya kada ya gwada wannan. A watan Disamba na 1997 wani shirin zane na yara a talabijin ɗin Japan ya haska ja da shuɗi suna musanya sau 12 a sakan, aka kwashi yara kusan 700 zuwa asibiti. Daga nan ne aka tsaurara ƙa'idar da gidajen talabijin da yawa ke bi, kada walƙiya ta wuce sau 3 a sakan. Masu haɗa bidiyon biki da masu kunna fitilu masu walƙiya a wajen taro su san da wannan, don a garinmu in yaro ya faɗi yana shure-shure, ba fitila ake fara tuhuma ba.

Wani abin lura: manhajar da ke gane fuskarka a waya ba ta da kiɗa ko kaɗan, saƙo yana shiga ta gaba ya fita ta baya, kuma tana aiki. Wannan ya nuna ana iya gane abu ba tare da bugu ba. Sai dai ƙwaƙwalwa tana duk aikinta da wutar da ba ta wuce wat 20 ba, kuma irin waɗannan manhajoji sukan yi tuntuɓe wajen raba abubuwan da suka cakuɗe. Shi ya sa wasu masu ƙirƙirarriyar basira, irin su Sindy Löwe a Amsterdam a 2022, suka koma suna ba kowace ƙwayar na'ura lokacin bugunta, don ɗigon abu ɗaya su haɗu a layi ɗaya. Ko da ta tabbata ƙwaƙwalwa ba haka take yi ba, dabarar na iya yi wa injiniya rana.

Gwajin da zai raba gardama a fili yake: a ɓata kiɗan, a bar yawan bugu yadda yake, a ga ko gani ya lalace. An yi makamancinsa a ƙudan zuma a 1997, a ɗakin binciken Gilles Laurent. Da aka sa maganin da ya wargaza daidaiton bugu a sashen jin ƙamshi, zumar ta ci gaba da bambance ƙamshi biyu masu nisa da juna, amma ta kasa raba masu kama da juna. A sashen gani na dabba mai shayarwa abin ya fi wuya, don masu kwaɓar da ke haifar da kiɗan su ne kuma ke hana zuga wuce gona da iri, su ne ke kaifafa zaɓin kowace ƙwaya. Ka taɓa ɗaya ka taɓa duka. A 2014 ƙungiyoyi biyu a Amurka sun gwada da haske a kan ɓeraye. Ta Christopher Moore ta cusa gamma a sashen da ke karɓar saƙon gashin baki, ɓerayen suka ƙara jin taɓawa mai rauni. Histed da Maunsell kuwa sun tunzura ƙwayoyin sashen gani, wani lokaci a kan kiɗa, wani lokaci ba kiɗa, suka tarar ɓeran jimillar bugu kawai yake lissafawa, bai damu da tsarinsa ba.